Amana Tsakanin Sama da Ƙasa: Tarayya da Haya a Jirgin Jairokwafta

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya riƙe tsuntsaye a sarari, Ya hore wa ɗan Adam iska da ƙarfe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, akwai wani ƙaramin jirgin sama da ake kira jairokwafta. Wanda ya hange shi zai zaci mai saukar ungulu ne, alhali sun bambanta. A sararin sama, injinsa farfelar baya kaɗai yake juyawa, ita ke tura shi gaba. Babbar farfelar sama kuwa, da zarar an tashi, iskar da ke ratsa ta daga ƙasa ce ke juya ta, kamar farfelar kara da yaro ke rugawa da ita. Shi ya sa ko injin ya mutu, jirgin yakan sauko sannu a hankali. Injiniya ɗan Sifaniya, Juan de la Cierva, shi ya ƙago shi bayan wani jirginsa ya faɗi a 1919. Samfurinsa ya tashi lafiya kusa da Madrid a Janairun 1923, a 1928 kuma shi da kansa ya tsallaka da shi ruwan da ya raba Ingila da Faransa.

A yau kamfanoni irin su AutoGyro na Jamus da Magni na Italiya suna ƙera mai kujera biyu don shan iska, amma kuɗinsa dubun-dubatar fam ne. Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai masu sha'awarsa a Ingila suke haɗuwa su 4 ko 5 su sayi ɗaya. Kowane wata suna karo-karon kuɗin rumfar ajiya da inshora da sabunta izinin tashi. Wanda ya hau kuma yana biya gwargwadon awannin da ya yi, a ware wani kaso don ranar babban gyaran inji, domin injin Rotax 912 da wasunsu ke ɗauke da shi ana kwance shi bayan awa 2,000. Wanda bai da rabo sai ya yi haya, bayan ya nuna lasisi, malamin tuƙi ya jarraba hannunsa.

Malamanmu sun riga sun yi wa wannan babi. Mukhtasar na Shehu Khalil ya kawo rabon da ake kira muhaya'a, wato abokan tarayya su raba amfanin abu ta hanyar lokaci, yau kai gobe ni. Malikawa kuma sukan kira hayar dabba da jirgin ruwa kira'i, da sharaɗin a san lada, a san tsawon lokaci. Mai haya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. A tafiyar Badar ma, shekara ta 2 bayan Hijira, raƙuma kusan 70 ne ga mutum 300 da 'yan kai, Manzon Allah (SAW) da kansa karɓa-karɓa ya yi da abokansa a kan raƙumi guda.

Sai dai rabon kuɗi da rabon kwanaki su ne masu sauƙi. Nauyin yana cikin littafin da ake rubuta halin jirgi bayan kowace sauka. Ka ƙaddara mutum ya dawo da yamma, fili ba kowa, ya sauko da ƙarfi har ƙafar jirgin ta bugi ƙasa, ko ya yi gaggawar tashi tun farfela ba ta kai gudunta ba, ta karkata ta shafi wutsiya. Ya fito ya shafa ƙarfen da tafinsa, bai ga tsaga ba. Ga biro a hannunsa, ga shafi a buɗe. In ya rubuta, za a tsayar da jirgin, a kira injiniya, ya biya, ya ji kunya. In ya yi shiru, gobe da safe abokinsa zai ɗaura ɗamara, ya zaunar da ɗansa a kujerar baya, ya hau sama bisa dogaro da wannan shafin. Raƙumi in ya ji ciwo yakan yi ɗingishi a gani. Ƙarfe kuwa yana ɓoye gajiyarsa har ranar da zai karye. Saboda haka shirun nan ha'inci ne, kuma abin da aka ha'inta rai ne.

Nishaɗi halal ne matuƙar bai tauye haƙƙin iyali ba, bai shagaltar da mutum daga salla ba. To wanda zai shiga irin wannan tarayya, ya binciki halin abokansa kafin ya duba fentin jirgi. Su rubuta sharuɗɗansu tun ana dariya: wa zai biya ɓarna, yaya mai fita zai sayar da rabonsa. Su kuma sauƙaƙa wa wanda ya faɗi kuskurensa, don tsananin zargi shi ke koya wa mutum ɓoyo.

Allah Ya sa mu cikin masu tsare amana a ɓoye da bayyane, Ya sauke kowane matafiyi lafiya. Allah ne Mafi sani.