Haƙƙin Ƙasa da Maƙwabta a Kan Mai Kiran Taro

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba mu amanarta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani Allah ya albarkaci garinmu Bande da sauran garuruwan Magariya da Dungas da yawan tarukan alheri: wa'azi, Maulidi, saukar Alƙur'ani, walimar aure da suna, da Idi biyu. Wannan ni'ima ce abar godiya. Sai dai akwai wani haƙƙi da muke sakaci da shi, shi ne haƙƙin filin da muka taru a kansa da na mutanen da ke kewaye da shi. Wanda ya kira taro, nauyin abin da taron ya bari yana wuyansa, kuma shafa fatiha ba ta sauke masa wannan nauyi.

Abu na farko shi ne leda. Ana raba ruwa da tuwo da kunu a cikinta, kashegari iska ta kwashe ta zuwa gonaki da fadamu. Akuya da tunkiya da saniya suna haɗiye ta saboda ƙanshin abincin da ya rage a ciki. Tumbi ba ya narkar da ita, sai dabba ta yi ta ramewa har ta mutu, kuma mahauta shaida ne ga abin da suke tararwa in sun feɗe. Wadda ta nutse cikin ƙasa tana tare ruwa da saiwar shuka shekara da shekaru. Wadda ta toshe magudana tana tara ruwan da sauro ke hayayyafa a ciki. In an ƙone ta, hayaƙinta yana cutar da ƙirji. Malaman fiƙihu sun yi bayani cewa wanda sakacinsa ya zama sanadin halakar dukiyar wani, ramuwa ta hau kansa. To yaya matsayinmu idan akuyar da gwauruwa take kiwo don marayunta ta mutu da ledar walimarmu? Hukuma ma ta yi magana, domin tun watan Nuwamba na shekarar 2014 aka kafa doka a Nijar wadda ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da leda marar kauri da aiki da ita. Ƙasar Ruwanda ta hana leda tun 2008, kuma ta tsaya a kan hanin. Mu da addininmu ya ƙidaya kawar da ƙazanta daga hanya cikin rassan imani, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, bai kamata mu jira tsoron tara ba.

Abu na biyu shi ne itace. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da gonaki suka zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Bayan nan ne manoman Magariya da Matamaye da Mirya suka dage da sassaben zamani, suna barin tohon gawo ya girma a cikin gonakinsu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 5 a ƙasar nan, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ku dubi hikimar Allah a cikin gawo: yana zubar da ganyensa da damina don kada ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi tsanwa ya ba bisashe ƴaƴa. Itacen da aka yi shekara ashirin ana reno, bai dace a sare shi don tukunyar yini ɗaya ba. Haka kuma ranar Layya, kowane gida yana hura babbar wuta a jera raguna kewaye da ita, alhali wutar gida ɗaya tana isar maƙwabta uku ko huɗu in sun haɗa kai. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa sare itace mai ƴaƴa, alhali ana cikin yaƙi. Mu da muke cikin biki, wane uzuri gare mu?

Abu na uku shi ne ɓarnar abinci da ruwa. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha, ta haɗa da hani ga wuce iyaka. Suratul Isra'i kuwa ta danganta almubazzarai da shaiɗanu. Anas, Allah ya yarda da shi, ya ba da labari cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana alwala da ruwa gwargwadon mudu ɗaya, wato cikin tafuka biyu. Ku auna wannan da ruwan da muke kwararwa a bakin fili.

Wani zai ce: in na taƙaita, za a kira ni marowaci. Amsa ita ce, karamci shi ne baƙo ya ƙoshi kuma a mutunta shi. Tuwon da ya kwana ya lalace aka zuba a juji babu wanda ya karrama, abin da ya sa aka dafa shi neman suna ne, kuma riya tana cinye lada. Ku ɗauki darasi daga aikin Hajji. A da, naman hadaya mai yawa yana lalacewa a Mina, har a shekarar 1403 ta Hijira, daidai da 1983, aka ɗora wa Bankin Musulunci na raya ƙasashe tsara yanka da adana naman da raba shi ga matalautan Harami da na ƙasashe da dama. Hadaya tana nan yadda take, tsari ne ya kai ta ga mabuƙata.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai da masu shirya kowane taro da su kiyaye waɗannan abubuwa. A naɗa mutanen tsabta tun ranar da aka naɗa masu abinci. A aje randuna da gangunan ruwa da moɗa, a ci a akushi da faranti waɗanda ake wankewa a mayar. A ƙidaya baƙi kafin a auna hatsi, abin da ya rage a kai wa almajirai da marasa lafiya tun yana da zafi. A yi girki da busasshen itace da rassan sassabe, a kan murhu mai tsimin itace. A sa wurin alwala kusa da gindin itatuwa don ruwan ya amfane su. A tanadi makewayi, domin hadisai sun yi kashedi mai tsanani ga mai biyan buƙata a kan hanya ko inuwar mutane ko mashaya. Kada a watse sai an share fili. Sannan kowane taro ya ɗauki alkawarin dasa itatuwa a filinsa in damina ta kankama, kamar yadda ƙasarmu ta saba ranar 3 ga Agusta tun 1975, a kuma sa mai ban ruwa da mai yin shinge. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga dashen Musulmi, sadaka ce gare shi.

Muna roƙon Allah ya karɓi tarukanmu, ya tsare mu daga cutar da bayinsa da saninmu ko da rashin sani. Ya Allah ka ba mu damina mai albarka, ka kiyaye gonakinmu da bisashenmu, ka jiƙan magabatanmu, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.