Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu: Wasa Ne, Sura Ce, ko Ilimi?

A Jega da Aliero da Maiyama, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, da kaka ta yi kara ya bushe yara kan feƙe sille su soka a totuwa su haɗa mota, wasu su yanka gwangwanin madara su yi masa tayoyi da tsohon silifas. Ba mai ce musu kanzil. Magana tana tashi ne idan yaro ya girma bai daina ba: ya gani a waya yadda gwanayen wasu ƙasashe ke ƙera ƙaramin samfurin jirgin ruwan sauke sojoji, irin na yaƙin duniya na biyu, sai ya nemi kwali da fallen katako da gam, ya duƙufa yana awon kowane lungu da rula. Nan za a ce shiririta ce da ɓata lokaci. Wani zai ce sura ce, kuma an san abin da aka tanadar wa masu sura. Wani kuma zai ce, a ƙasar da ƙarar bindiga ta hana manoma zuwa gona, wane mai hankali ne zai zauna yana ƙawata kayan kisa? Ni ina ganin aikin halal ne, kuma yana iya zama alheri, amma zarge-zargen nan uku ba nauyinsu ɗaya ba.

Batun sura shi ya fi sauƙin warwarewa, domin magabata sun riga sun yanke shi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas ya ce da yin surori yake ci, sai Ɗan Abbas ya tsoratar da shi da hadisin azabar masu sura, sannan da ya ga hankalinsa ya tashi ya nuna masa mafita, wato ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Jirgi ba shi da rai. Wanda ya ƙera ƙaraminsa bai yi gasa da Mahalicci ba, ya kwaikwayi aikin kafinta ne da na maƙeri. Inda tarnaƙin yake shi ne 'yan mutum-mutumin sojoji da ake jerawa a ciki, kowa da fuskarsa da bindigarsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, surar mai rai idan tana da inuwa kuma gaɓoɓinta sun cika, haramun ce. An yi rangwame ga 'yartsanar 'yan mata, saboda Nana A'isha ta yi wasa da irinsu a gidan Annabi (SAW), amma mai gemu da ke ƙera abin ajiya a kan teburi ba zai fake da rangwamen yara ba. A bar jirgin babu kowa a ciki, kuma za mu ga cewa barinsa haka bai rage shi da komai ba.

Zargin shiririta kuwa, wanda ya san yadda ake aikin ba zai yi shi ba. Ɗauki jirgin da Andrew Higgins ya ƙera a birnin New Orleans na Amurka, wanda aka yi sama da 20,000 irinsa a lokacin yaƙin. Tsawonsa kimanin mita 11 ne, jikinsa mafi yawa katako, gabansa ƙofar ƙarfe ce da ake saukewa ta zama gada, yana ɗaukar soja 36. Mai son yin samfurinsa a ma'aunin 1 cikin 35 dole ya raba kowane awo da 35, sai tsawon ya dawo kusan santimita 31. Idan ya yi ha'inci a wuri ɗaya, ya ce ai ido ba zai gani ba, ƙofar gaba ba za ta zauna a mazauninta ba. Idan ya manta da ramin da aka yi a ƙarƙashin jirgin don farfela ta ɓuya kada ta ci yashi, to akwati ya ƙera mai kama da jirgi. Kowace igiya da kowace ƙugiya sai ya tambayi kansa me ya sa aka sa ta a nan. Wannan tarbiyya ce ta gaskiya, irin wadda ba ta jiran mai duba aiki. Alƙur'ani a Suratu Saba'i ya ba mu labarin Annabi Dawuda, da aka tausasa masa ƙarfe aka umarce shi ya yi sulke ya kuma daidaita awon zobbansa, kuma a Suratu Hudu mun ga manyan gari suna wucewa suna yi wa Annabi Nuhu izgili yana sassaƙa jirgi. Ba ina daidaita mai kwali da annabawa ba ne, Allah Ya tsare. Abin nufi shi ne addinin da ya ambaci daidaita awo a cikin wahayi ba zai ɗauki koyon awo wasan banza ba. Ko a wajen masu ƙera manyan jirage, tun farkon shekarun 1870 William Froude a Ingila ya nuna cewa da ƙaramin samfuri a cikin tankin ruwa ake gane yadda babban jirgi zai keta ruwa, kuma har gobe haka injiniyoyi ke yi. Sharaɗin dai wanda ke kan kowane mubahi ne: kada ya ci lokacin salla, kada ya ci kuɗin cefane.

Zargi na uku shi ne mai nauyi, kuma bai kamata a share shi da wayo ba. Gaskiya ne akwai masu ƙera irin waɗannan abubuwa don sha'awar yaƙi, suna fenti suna goge-goge kamar kisa ado ne. Gaskiya ne kuma mutumin da aka kora daga ƙauyensa yana da haƙƙin ya ƙi ganin duk wani abu mai launin soja. Sai dai a duba irin jirgin da ake magana a kai. Ba shi da rufi, ba shi da wani kyan gani, gindinsa a shafe yake har igiyar ruwa na jijjiga shi sojoji su yi ta amai. Ƙofar gabansa ita ce garkuwar waɗanda ke ciki, kuma da ta faɗi sun zama a fili, kamar yadda ya faru a gaɓar Normandi ranar 6 ga Yuni, 1944. Wanda ya ɗauki makonni yana ƙera wannan ƙofa, ya auna faɗin cikin ya ga yadda mutum 36 za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, ya fi mai kallon fim sanin cewa yaƙi ba burgewa ba ne. Shi ya sa na ce jirgin da babu kowa a cikinsa bai ragu ba: mai kallo zai tambaya su wa suka shiga, su nawa suka dawo. Kuma tambayar tamu ce. Kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a ƙasar Bama, kuma a farkon 1945 da irin waɗannan jirage aka riƙa sauke mayaƙa a gaɓar Arakan inda runduna ta 82 ke fafatawa. A yaƙin basasa ma, ta ruwa aka sauke sojojin Benjamin Adekunle a Bonny a Yulin 1967, sannan a Oktoban shekarar sojojin Murtala Muhammad suka yi asarar rayuka masu yawa wajen ƙoƙarin haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Onitsha. Yaranmu da yawa ba su taɓa jin waɗannan ba.

Akwai kuma abin da masu zargin ba su lura da shi ba. Asalin jirgin Higgins ba na yaƙi ba ne. Ya samo shi ne daga wani jirgi da ya ƙera wa maharba da ma'aikatan mai a fadamun Luwiziyana, mai tafiya a ruwa marar zurfi, ya hau yashi ya koma da baya bai lalace ba. Ƙofar gaban ce aka aro daga jiragen Japan da aka gani a Shanghai a 1937. Matsalar da aka ƙera shi dominta ita ce ta gulabenmu: ruwan da ke cika da damina ya janye da rani, gaɓar da ba ta da matsaya, kaya da dabbobi da babura da ake lodawa. Jega a bakin gulbin Zamfara take, kuma ba wanda ya manta da jirgin da ya nutse a kogin Kwara kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, da mutane fiye da ɗari a cikinsa. Za a ce samfurin kwali ba ya hana a yi lodi fiye da kima, kuma haka ne, wannan aikin hukuma ne da tsoron Allah na masu jirage. Amma a ma'aunin 1 cikin 35, giram ɗaya a samfuri daidai yake da kusan kilo 43 a babban jirgi, wato buhun albasa mai kilo 100 bai kai giram 3 ba. Yaron da ya ɗora samfurinsa a baho, yana ƙara tsakuwa ɗaya-ɗaya har ya ga ruwa ya taɓa baki ya kife, ya fahimci da idonsa abin da ke cinye rayuka a Kwara. Irin wannan yaro ne ake fata wata rana ya zauna a ajin injiniya na jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'ar hannu cikin wajiban shugaba, kuma ba a samun gwanin sana'a sai an bar shi ya fara da ƙarami. Don haka iyaye da malamai a Jega da Aliero da Maiyama, idan kun ga ɗanku ya duƙufa a kan irin wannan jirgi, ku hana shi mutum-mutumi, ku tashe shi idan an kira salla, sannan ku saya masa rula mai kyau, ku kai shi wurin masassaƙin kwalekwale ya ga yadda ake na gaske.