Gani Ga Wane Ya Isa Wane Tsoron Allah

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wani ɗalibi mai karatu a ƙasar Italiya ya aiko wa wannan fili da tambaya. Ya ce malaman makarantarsu sun shirya kai su gidan kayan tarihi na birnin Napoli, inda aka tara kayan Rumawan dauri, kuma ya ji labari gidan cike yake da gumaka. Shin ya halatta ga Musulmi ya shiga irin wannan wuri? Kafin mu amsa masa, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin gidan.

A shekara ta 79 ta Miladiyya, watau shekara 543 kafin Hijira, dutsen Besubiyo da ke kusa da Napoli ya yi aman wuta, ya binne garuruwan Pompeyi da Harkulaniyum. Toka da tsakuwa suka rufe Pompeyi har zurfin mita 4 zuwa 6. Haka garuruwan suka kwanta ƙarƙashin ƙasa, har aka manta da gurbinsu, sai a 1738 aka fara tonon Harkulaniyum, a 1748 kuma aka fara tonon Pompeyi. Mafi darajar abin da aka tono, shi aka kwashe zuwa wannan gida na Napoli.

Wanda ya shiga zai ga tukwane da fitilun tagulla, da ma'aunan 'yan kasuwa, da kayan aikin likita na fiɗa, da kwalkwalin mayaƙan da ake sa su kashe juna don nishaɗin 'yan kallo. Akwai hoton wani magidanci da matarsa da aka ɓamɓaro daga bangon gidansu, shi yana riƙe da naɗaɗɗiyar takarda, ita tana riƙe da alƙalami da allo. Amma abin da ya fi taɓa zuciya shi ne burodi. Zagayayye ne kamar gurasa, an tsaga shi kashi 8, ya ƙone ya zama gawayi, ga hatimi mai ɗauke da sunan wani bawa nan bai goge ba. A wani gidan burodi na Pompeyi an sami guda 81 a rufe cikin tanderu. Wanda ya kwaɓa su da safe yana lissafin ciniki ne, bai san ba za a ci ko ɗaya ba.

To, game da hukunci. Allah Maɗaukakin Sarki Ya umurci bayinSa a wurare da yawa cikin Alƙur'ani da su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Abin lura kuwa shi ne, ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana cikin Suratur Rum, surar da ke ɗauke da sunan Rumawa. A aya ta 9 Allah Ya tunatar da mu cewa na farko sun fi ƙarfi, sun noma ƙasa sun raya ta fiye da yadda na baya suka raya ta, kuma Allah bai zalunce su ba, su ne suka zalunci kansu. Don haka malamai da yawa suka tafi a kan halaccin shiga irin waɗannan gidaje domin neman ilimi da wa'aztuwa. Abin da shari'a ta haramta shi ne sassaƙa gunki, da girmama shi, da girka shi a gida.

Sai dai kallo iri biyu ne. A shekara ta 9 bayan Hijira, kan hanyar yaƙin Tabuka, Manzon Allah (S.A.W.) ya bi ta Hijiru, kufan Samudawa mutanen Annabi Salihu. Ya hori sahabbansa da kada su shiga gidajen waɗanda aka azabtar face suna masu kuka, don tsoron kada abin da ya same su ya same su, sa'an nan ya lulluɓe kansa ya gaggauta tafiya har ya wuce kwarin. Wannan shi ne ladabin da Musulmi zai ɗauka ya shiga da shi. Mai yawon buɗe ido yana duba kyawun sassaƙa ya ɗauki hoto ya fita, amma mumini yana duba burodin nan ya tuna da tukunyar da ya bari a kan murhu.

A nan wajibi ne mu ja kunnen masu saurin yanke hukunci. Sau da yawa akan ji mai wa'azi ya tabbatar cewa azaba ce aka saukar wa mutanen Pompeyi saboda alfasha. Gaskiya ne sun kasance masu bautar gumaka, kuma an sami hotunan batsa a bangayensu, har an keɓe musu ɗaki na musamman a gidan tarihin. Amma Alƙur'ani ya ambaci Adawa da Samudawa da mutanen Annabi Luɗu da sunayensu da laifinsu, bai ambaci Pompeyi ba. Cikin waɗanda toka ta rufe akwai jarirai, akwai bayin da aka sayo ba da son ransu ba. A bakin tekun Harkulaniyum an sami ƙasusuwan mutum wajen 300, maza da mata da yara, sun taru a rumfunan jiragen ruwa suna jiran ceto. Hukuncinsu yana wurin Ubangijinsu, kuma Shi ba Ya zaluntar kowa. Wanda ya tsaya a kansu yana jin ya fi su, ya fita da girman kai a maimakon tsoron Allah.

Darasin da ya shafe mu kai tsaye shi ne na gafala. A shekara ta 62 girgizar ƙasa mai tsanani ta rushe sashen Pompeyi. Mutanen garin suka tashi suka shiga gyara, suka sake fentin ɗakuna, suka ci gaba da rubuta sunayen 'yan takara a bango suna neman ƙuri'a. Shekara 17 bayan haka, wasu gine-ginen ba a ma gama gyaransu ba, dutsen ya tashi. Mutane ne masu fasaha, sun jawo ruwa daga nesa har cikin gidaje ta bututun dalma, sun gina dandalin wasa mai ɗaukar mutum wajen 20,000, amma duk wannan bai ƙara musu sa'a guda a kan ajalinsu ba. Mu ma girgizarmu tana zuwa kullum: furfura a gemu, ciwon da ya kwantar da mu ya tashi, jana'izar tsaranmu da muka raka jiya. Mukan dawo daga maƙabarta mu karkaɗe ƙura mu koma kan bashin da muka ƙi biya da zumuncin da muka yanke.

Saboda haka muna ce wa ɗanmu mai tambaya: ka tafi, Allah Ya kiyaye hanya. Ka ƙulla niyyar neman ilimi da ɗaukar izina. Ka runtse idonka daga tsiraicin da aka sassaƙa, kuma kada ka shiga ɗakin nan na batsa. Kada ka sayo ɗan gunki ka kawo gida da sunan tsaraba, domin ya inganta cewa mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da su. Kada kallo ya shagaltar da kai har lokacin salla ya fita. Idan ka iso gaban burodin nan, ka ɗan tsaya, ka tambayi kanka: da yau ce ranata, a kan wane aiki za a tarar da ni?

Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa mu zama masu wa'aztuwa da waninmu, kada Ya mai da mu abin wa'azi ga na baya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.