Tilas Ba Ta Rasa Ɗakin Kwana

Akwai wani irin wasa da a ke yi a kwamfuta, inda a ke ce duniya ta rushe, an bar mutane kaɗan, mai wasa kuwa shi ne shugabansu. Shi zai raba musu aiki da abinci, shi zai kafa musu doka. Ɗaya daga cikin waɗannan wasanni sunansa Frostpunk. Kamfanin 11 bit studios na birnin Warso a ƙasar Polan ne ya fitar da shi a 2018. Muna so mu dube shi tare da ku, gama yana ɗauke da tsohuwar tambaya: ko wahala ta kan halatta abin da mu ka sani mugu ne?

Ga yadda labarin ya ke. A cikin 1886 sanyi mai tsanani ya rufe duniya. Waɗansu mutane 80 su ka bar Landan, su ka nufi arewa, su ka sami wani babban inji mai cin kwal yana ba da ɗumi. Kewaye da shi su ka kafa gari. Da fari sanyin digiri 20 ne ƙasa da sifiri, amma kafin ƙarshe ya kan kai 150. In injin ya mutu, garin ya mutu.

A hannun shugaba akwai littafin dokoki. Yana da iko ya sa yara aiki, ko kuwa ya gina musu wurin zama. Yana da iko ya ƙara lokacin aiki daga awa 10 zuwa 14, har ya sa a yi 24 a jere. In abinci ya kasa, ya iya cewa a garwaya shi da garin katako. Ana kuwa auna masa abu biyu, begen jama'a da gunaguninsu. In bege ya ƙare, ko gunaguni ya cika, sai su kore shi.

Wani zai ce, “Ai shugaban nan ba shi da laifi. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Gara yara su ɗebi kwal da a wayi gari duka sun mutu.” Ba za mu rena wannan magana ba. Wanda ya riƙe rumbun gida a shekarar fari ya san akwai ranar da kowace hanya tana da ciwo.

Amma mu lura da abu ɗaya da masu wasan nan su ka shirya da gangan: dokar da aka sa wa hannu ba ta sokuwa. Sanyi ya yi sauƙi, kwal ya cika rumbu, dokar tana nan. Kowace kuma tana buɗe ƙofar wata. Wanda ya fara da masu gadin unguwa, ba da jimawa ba za a miƙa masa kurkuku da gidan farfaganda. Wanda ya fara da ɗakin addu'a, daga baya za a miƙa masa dogaran addini masu horon mutane a fili. A ƙarshen hanyoyin nan biyu ba a ƙara auna bege, gama biyayya ta maye gurbinsa, wanda ya ƙi kuwa a kashe shi. Ashe tilas da aka ba ta ɗakin kwana ɗaya ta zama mai gida.

Abu na biyu shi ne, ana iya ƙare wasan ba tare da an bi hanyar nan ba. Ya fi wuya, yana bukatar shiri tun da wuri, amma yana yiwuwa. Watau sau da yawa abin da shugaba ya ke kira tilas, sauƙi ne kawai ya ke nema. Domin wannan, sa'ad da guguwa ta wuce, wasan ya kan jera wa mai wasa abin da ya aikata, wanda ya wuce iyaka kuwa a tambaye shi ko ceton garin ya cancanci wannan tamani.

To, me za mu ce? Ba mu ce kada a kafa doka mai nauyi a lokacin wahala ba. Amma wanda ya ke riƙe da jama'a, ko gida ne ko gari, sai ya tambayi kansa abu uku. Wa zai ɗauki nauyin nan, masu ƙarfi ko yara da marasa lafiya? Ni da na kafa ta, zan ɗauki rabona? Yaushe za ta ƙare? Dokar da ba ta da amsar waɗannan, ko da ta ceci rai yau, za ta ci mutunci gobe.

A cikin wasa, in mutum ya ga ya ɓata, sai ya soma daga fari. Mutanen da ke ƙarƙashin hannunmu ba haka su ke ba. Bari mu yi tunani kafin mu sa hannu.