Likitan Nesa: Wa Ya Tsaya Masa?

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Na daɗe ina riƙe da wannan magana, har ranar da na raka mahaifiyata wani ƙaramin asibiti a nan Amurka, likita ya duba ta ta allon kwamfuta daga wata jiha mai nisa. Na ga fuskarsa sarai, amma ganin bai gaya mini ko ya san aikinsa ba. Abin da na dogara da shi ji ne, wato shaidar waɗanda suka tantance shi.

Tantancewar hawa biyu ce. Da farko asibiti ya tabbatar da takardun karatun likita, da lasisinsa, da tarihin aikinsa. Sannan ya shata masa iyakar ayyukan da zai taɓa, domin gwanin fata ba gwanin zuciya ba ne. A shekarar 2011 hukumar da ke kula da shirin Medicare ta yarje wa asibitoci su dogara da tantancewar da asibitin likitan nesa ya riga ya yi, bisa rubutacciyar yarjejeniya. Wannan sauƙi ne ga karkarar da ba ta da ƙwararru.

To, wanda ya karɓi shaidar wani, ya sauke nauyi ke nan? Ni dai ban ga haka ba. Ita kanta dokar ta ɗora wa asibitin da majiyyaci yake ya riƙa bin aikin likitan, ya mayar da rahoton koke da duk wata illa da ta auku. Ana iya wakilta bincike, amma amana tana nan a wuyan wanda ya buɗe wa likita ƙofa.

Magabatanmu sun san haka. A shekarar 931, bayan wani majiyyaci ya rasu ta dalilin kuskuren likita, Halifa Muƙtadir ya sa Sinan ɗan Sabit ya jarraba likitocin Bagadaza kafin su ci gaba da aiki.

'Yan'uwa, mu ma abin ya shafe mu. Duk sanda muka haɗa iyayenmu na gida da wani "likita" ta WhatsApp, mu ne muka tsaya masa. Kafin mu tura lamba, mu tambaya: wace hukuma ta ba shi lasisi, kuma a wane fanni? Kunyar tambaya ba za ta zama hujja a gaban Allah ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.