Bayanka Shi Ne Jarinka

Wata ranar Asabar na kai wayata gyara kasuwar Farm Centre a Kano, na samu gefen benci na zauna ina jira. Saurayin da ya karɓe ta a kan wata tsohuwar jarka yake zaune, teburin kuma ya yi masa tsawo. Zai ɗauki ƙarfen narka dalma, sai ya murɗa ƙugu dama. Zai jawo gwangwanin sukurori, ya murɗa hagu. Wani ya yi sallama ta baya, ya sake murɗewa gaba ɗaya. Kafin ya gama da wayata sau uku yana dafe bayansa yana cije leɓe. Yaron da bai cika talatin ba! Na tafi da waya lafiya lau, amma abin ya tsaya mini a rai.

'Yan uwana masu sana'a, da ku nake. Mai gyaran waya, mai gyaran agogo, baduku, mai naɗin koyil, da kai kanka kafinta da ke yi wa jama'a kujerun alfarma kana zama a kan guntun bulo. Hannunku ne ke riƙe da garin nan. Ku kuke tayar da abin da ya mutu, ku kuke ciyar da gidaje da guminku. To jikin da ke wannan aikin fa, wa zai kula da shi in ba ku ba?

Maganin wannan murɗe-murɗen shi ne kujera mai juyawa, kuma ba ta manyan ofis kaɗai ba ce. Wadda Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya yi amfani da ita tana nan a ajiye a birnin Filadelfiya, kuma ta katako ce, da sandar ƙarfe a tsakiya. Mu da masassaƙanmu ke fitar da turmi da kujerar tsuguno daga gungume ɗaya da gizago, wannan ce za ta gagare mu?

Ka fara da awo. Auna tsayin teburinka, ka rage inci 10 zuwa 12, nan mazaunin zai tsaya. Idan teburin inci 36 ne, kujerar ta zama 24 zuwa 26. Sai ka leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa, ko duk inda ake yankan katako a garinku, ka nemi guntayen da suka rage. Maɗaci yana da kyau, ƙawo ma haka. Sharaɗi ɗaya ne: ya bushe sarai. Ɗanyen katako yana tsukewa in ya sha iska, ranar da hunturu ya shigo sai ka ji ƙafafu suna rawa, mazaunin ya tsage.

Ka yanka faifai biyu masu faɗin inci 13 ko 14. Na ƙasa shi zai riƙe ƙafafu, na sama shi za ka zauna a kai. Asirin aikin yana tsakaninsu. Je wurin bakanike, ko Ƙofar Ruwa, ko Panteka in kana Kaduna, ka samo tsohon boris na ƙafar mota. Wanda mota ta gaji da shi zai ɗauki nauyin mutum ɗaya shekara da shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka wanke shi da kananzir, ka cika shi da giris, ka fafe masa gurbi a tsakiyar faifan ƙasa ya zauna daram. Sai ka huda faifan biyu daidai cibiya, ka zura dogon ƙarfe mai zare, ka nutsar da kansa cikin katakon sama don kada ya sokar maka jiki. A ƙasa ka sa noti biyu, ka matse su da juna. Noti ɗaya juyawa za ta kwance shi a hankali, biyu kuwa ba inda za su.

A ƙafafu ne mutane suka fi yin kuskure. Kada ka tsayar da su a miƙe. Ka buɗa su waje, gindin ya fi mazaunin faɗi, don in ka miƙa hannu nesa kada ta kifar da kai. Idan daɓen shagonka ba daidai yake ba, ƙafa uku ba ta girgiɗi. Ka ɗaure su da sanduna a ƙasa, su ƙara ƙarfi, kai kuma ka samu inda za ka ɗora ƙafarka. Gam da ƙusa, samfefa a baki-baki, shi ke nan.

Ranar da ka fara zama a kanta za ka gane. Ƙafa ce za ta tura, jikinka duka ya juya tare, ƙugu ya huta. Maƙwabcinka zai leƙo ya ce, “Maigida, ina ka samo wannan?” Ka ce masa kai ka haɗa, kuma in yana so za ka yi masa. Wata ƙofar samu ke nan ta buɗe.

Ka ja yaran shagonka a jiki ku yi ta tare, su ga yadda ake awo da huda. Kada ka ce sai ka samu sarari, mai sana'a ba ya samun sarari sai ya ƙwato shi. Yammacin Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, ka ɗauko tef ka auna teburinka. Allah ya yi wa sana'arku albarka.