Tawakkali da Motsa Jiki ga Mai Ciwon Daji

Tawakkali, wato dogaro ga Allah bayan an bi sababi, yakan rikiɗe a zukatan wasu majinyata ya koma kwanciya da jiran abin da aka ƙaddara, musamman idan ana yi musu kemoterafi, wato maganin da ake ɗurawa ta jijiya ko a haɗiya domin kashe ƙwayoyin cutar daji, wanda kan bar mutum da kasala mai nauyi da raunin tsoka. Wannan fahimta ba daidai ba ce, domin jiki amana ne, kuma rashin lafiya ba ta sauke amanar, sai dai ta sassauta ta, kamar yadda shari'a ta yarje wa mara lafiya ya yi salla a zaune ba tare da ta ɗauke masa ita ba.

A shekarar 2019 masana da Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta tara sun nuna cewa motsa jiki matsakaici na minti 30, sau 3 a mako, yana rage wannan kasala da damuwa. Zagaya tsakar gida bayan la'asar, ko tashi da zama a kan kujera, ya isa mafari, amma mai zazzaɓi ko ƙarancin jini ya dakata har likita ya yarje masa. Wajibi ne 'yan uwa su daina hana majinyaci motsi da sunan tausayi.